Ɗorewar Liƙin Tangaran a Jikin Haƙori: Yadda Yake Kamawa da Dalilan Sakinsa

Tsakure

Tangaran ya zama ɗaya daga cikin manyan kayan da likitocin haƙori ke amfani da su wajen gyara haƙorin da ya karye, ko ya ruɓe, ko ya sauya launi. Ƙarkon irin wannan gyara ya rataya ne a kan siririn danƙon da ke tsakanin tangaran da haƙori, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda danƙon yake kama haƙori ta ɓangare guda, ya kuma kama tangaran ta ɗaya ɓangaren. Ta fayyace bambancin tangaran mai gilashi da zirkoniya wajen karɓar liƙi, ta kawo abubuwan da ke raunana shi a cikin baki, da hanyoyin da masana ke auna ɗorewarsa, sannan ta dubi abin da hakan ke nufi ga likita da majinyaci a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Rufe haƙori da wani abu na daban ba baƙon al'amari ba ne ga Bahaushe, domin an daɗe da sanin haƙorin Makka, wato hular ƙarfe mai ruwan zinari ko azurfa da ake sanya wa haƙori. Irin wannan hula tana zama ne saboda ta lulluɓe haƙorin ta kowane gefe, siminti kuwa cike gurbi kawai yake yi. Lamarin tangaran ya sha bamban. Sau da yawa falle ne siriri da ake ɗora wa fuskar haƙorin gaba, kaurinsa bai wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba, ko kuwa ɗan yanki da ake cike ramin turmi da shi. Babu abin da ke riƙe da irin wannan sai liƙi.

Akwai dalilai uku da suka sa ɗorewar liƙin ta zama abin damuwa. Na farko, kafin a ɗora tangaran sai an kankare wani sashe na haƙorin, kuma abin da aka kankare ba ya sake tsirowa. Na biyu, tangaran mai gilashi yana da saurin tsagewa, kuma wani kaso na ƙarfinsa yana samuwa ne daga mannewar da ya yi da haƙori. Idan liƙin ya saki, fashewa takan biyo baya. Na uku, idan gefen liƙin ya buɗe, ƙwayoyin cuta kan samu mashiga, ruɓa ta ci gaba a ƙarƙashin tangaran ba tare da an lura ba har sai ta kai ga jijiya. Ga majinyacin da ya kashe kuɗi mai yawa, wannan asara ce biyu: ta dukiya da ta haƙori.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tun a shekarun 1930 wani likita a Amurka mai suna Charles Pincus yake ɗora wa 'yan wasan fim na Hollywood fallen tangaran domin kyautata murmushinsu. Fallen ba ya daɗewa, ana cire shi bayan ɗaukar fim, saboda a lokacin babu danƙon da zai riƙe shi. Sauyi ya fara ne a shekarar 1955, lokacin da Michael Buonocore na birnin Rochester ya nuna cewa shafa asid ɗin fosforik a kan ɓawon haƙori yana ƙara kamun danƙo ƙwarai. Ya ɗauko dabarar ne daga masana'antu, inda ake wanke ƙarfe da wannan asid kafin a yi masa fenti. A farkon shekarun 1960 Rafael Bowen ya samar da sinadarin Bis-GMA, wanda har yau shi ne ginshiƙin yawancin danƙon rezin da ake amfani da shi.

Daga nan ci gaban ya koma Japan. A shekarar 1981 kamfanin Kuraray ya samar da sinadarin MDP, wanda za a ga muhimmancinsa nan gaba, a 1982 kuma Nobuo Nakabayashi ya bayyana yadda rezin ke kutsawa cikin dentin. A shekarar 1983 Harold Horn, da kuma John Calamia tare da Richard Simonsen, suka nuna cewa za a iya cin fuskar tangaran da asid ɗin haidurofulorik a liƙa shi ya zauna dindindin. Da wannan ne fallen tangaran ya tashi daga kayan ado na wucin gadi ya koma magani.

3.0 Fuskokin Liƙi

Kowane gyaran tangaran yana da mahaɗa biyu: inda danƙo ya haɗu da haƙori, da inda ya haɗu da tangaran. Kowace mahaɗa tana da tata hanyar kamu, kuma wadda ta fi rauni a cikinsu ita ke yanke tsawon ran gyaran.

3.1 Ɓangaren Haƙori

Haƙori yana da sassa biyu masu tauri. Na waje shi ne ɓawo, wanda masana ke kira inamel. Kimanin kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa ma'adini ne, ruwan da ke cikinsa kaɗan ne. Idan aka shafa masa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15 zuwa 30, sai fuskarsa ta yi ƙananan ramuka barkatai. Rezin yana kwarara cikin ramukan, idan ya daskare sai ya sarƙe. Wannan kamu shi ne mafi aminci a duk fagen liƙin haƙori.

Ƙarƙashin ɓawo akwai dentin, wanda kimanin kashi 70 cikin ɗari nasa ma'adini ne, kashi 20 furotin, galibi zaren kolajin, kashi 10 kuma ruwa. Yana cike da ƙananan bututu masu ɗauke da ruwa daga jijiyar haƙori, waɗanda yawansu yakan kai kimanin 20,000 a kowane murabba'in milimita kusa da ɓawo, ya haura 40,000 kusa da jijiya. Asid yana narkar da ma'adinin saman dentin ya bar zaren kolajin a fili, rezin kuma ya ratsa tsakanin zaren ya daskare. Abin da ke samuwa shimfiɗa ce ta gauraye, rabinta haƙori rabinta rezin, mai kaurin 'yan maikuromita. Matsalar ita ce rezin ba ya cika ratsa zaren gaba ɗaya, kuma aikin ana yin sa ne a wuri mai danshi. Nan ne yawancin rauni ke soma ɓulla.

3.2 Tangaran Mai Gilashi

Rukuni na farko na tangaran shi ne wanda ke ɗauke da gilashin silika. A ciki akwai tangaran na feldisfa, wanda ya fi kama da haƙori a ido amma ya fi rauni, da mai ƙwayoyin lusayit, da kuma litiyam daisiliket, wanda kimanin kashi 70 cikin ɗari nasa ƙwayoyin kiristal ne, ƙarfin jurewarsa kuma yana kaiwa megafaskal 360 zuwa 400. Ana shirya cikin irin wannan tangaran da matakai biyu.

Mataki na farko shi ne asid ɗin haidurofulorik, wanda ke narkar da gilashin ya bar ƙwayoyin kiristal a tsaye, fuskar ta yi kaushi. Lokacin da ake ba shi ya danganta da nau'in tangaran: litiyam daisiliket daƙiƙa 20 da asid mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, na lusayit da na feldisfa kuwa kimanin daƙiƙa 60 ko fiye. Wuce ƙa'ida yana cinye gilashin fiye da kima, ya raunana siririn falle. Wannan asid guba ne mai ratsa fata, don haka a wajen baki ake wannan aiki, da safar hannu da tabarau.

Mataki na biyu shi ne silen, sinadari mai kai biyu. Kai ɗaya yana ƙulla alaƙa da silikar tangaran, ɗaya kan kuma yana shiga cikin rezin lokacin daskarewa. Ta haka ake samun kamu iri biyu a wuri guda: sarƙewa cikin ramuka da ƙullin sinadari.

3.3 Zirkoniya

Rukuni na biyu shi ne tangaran da babu gilashi a cikinsa, kuma zirkoniya ce ta fi shahara. A shekarar 1975 Garvie da Hannink da Pascoe, masana a Ostireliya, suka bayyana sirrin taurinta: idan tsaga ta soma, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sukan sauya siffa su kumbura da kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kumburin ya matse tsagar ya hana ta gaba. Nau'in da aka fi sani, mai kashi 3 na itiriya, ƙarfinsa yakan kai megafaskal 900 zuwa 1200.

Sai dai rashin gilashi yana nufin asid ɗin haidurofulorik, a ƙarfin da ake amfani da shi a asibiti, ba ya cin ta, silen kuma ba ya samun silikar da zai kama. Wanda ya bi da zirkoniya ta hanyar da ake bi da tangaran mai gilashi ya yi aikin banza. Hanyar da ta tabbata ita ce a feshe cikinta da ƙananan ƙwayoyin alumina masu girman kimanin maikuromita 50 da matsakaicin matsin iska, sannan a shafa sinadari mai MDP. Ɓangaren fosfet na MDP yana kama fuskar zirkoniya, ɗaya ɓangaren ya haɗe da rezin. Wata hanyar ita ce a fesa alumina da aka lulluɓe da silika, domin silikar ta dasu a fuskar, silen ya samu makama.

A shekarar 1998 Matthias Kern da Stefan Wegner na Jami'ar Kiel a Jamus suka gwada hanyoyi daban-daban na liƙa zirkoniya, suka ajiye samfuran cikin ruwa na kwana 150 tare da sauya musu zafi da sanyi. Hanyoyin da suka yi kyau a kwanakin farko da yawa sun yi rauni, wasu ma sun saki da kansu, amma danƙo mai MDP a kan fuskar da aka fesa ya riƙe ƙarfinsa. Darasin binciken ya wuce batun zirkoniya: ƙarfin liƙi a ranar farko ba ya nuna yadda zai kasance bayan watanni.

Ya kamata a lura cewa cikakkiyar hular zirkoniya da aka ɗora a kan haƙori mai isasshen tsawo tana iya zama da simintin haƙori na yau da kullum. Inda liƙi ya zama dole shi ne falle, da gajeren haƙori, da gadar da ake manna reshenta a bayan haƙorin da ke maƙwabtaka da giɓi.

4.0 Abubuwan da ke Raunana Liƙi

4.1 Ruwa

Baki wuri ne da ba ya bushewa, kuma ruwa shi ne babban abokin gabar liƙi. Rezin yana tsotsar ruwa a hankali, ya yi laushi, ya kumbura, wasu sassansa su narke su fita. Ruwan yana kuma warware ƙullin da ke cikin rezin, kamar yadda yake iya warware ƙullin silen da silika idan ya samu hanyar isa gare shi. Danƙon da aka sauƙaƙa aka zuba dukkan sinadaransa a kwalba ɗaya ya fi son ruwa, domin sai da aka sa masa sinadarai masu jituwa da danshi kafin ya iya kama dentin. Saboda haka yakan ci gaba da barin ruwa ya ratsa shi ko bayan ya daskare.

4.2 Sinadaran Haƙorin Kansa

A shekarar 2004 David Pashley da abokan aikinsa suka nuna cewa zaren kolajin da asid ya tone yana iya lalacewa ko da babu ƙwayoyin cuta. Dalili shi ne dentin yana ɗauke da wasu inzayim masu cin furotin, waɗanda ake kira MMP, da suke kwance cikin ma'adini tun lokacin halittar haƙori. Asid yana tone su ya farkar da su, sai su dinga yanke zaren da rezin bai lulluɓe ba. Ta haka shimfiɗar gauraye ke zaizayewa daga ciki. Shafa kulohekzidin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari bayan asid yana rage aikin waɗannan inzayim, ko da yake tasirinsa yana raguwa da tsawon lokaci. MDP ma yana taimakawa a nan, domin yana haɗuwa da kalsiyam ɗin haƙori ya samar da gishiri mai wuyar narkewa.

4.3 Zafi, Sanyi da Tauna

Haƙori da rezin da tangaran ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. Rezin ya fi sauran biyun motsi, don haka duk kurɓin shayi mai zafi da aka bi shi da ruwan sanyi yana jan mahaɗar. Rezin kuma yana tsukewa lokacin daskarewa, ya bar ɗan matsi a wurin tun ranar farko. A kan wannan sai tauna ta ƙaru, sau dubbai a kowace rana. Ƙaramar tsaga da ba ta isa ta karya komai a cizo ɗaya ba tana tsawaita kaɗan-kaɗan, ruwa kuma yana hanzarta tsawaitarta a cikin gilashi. Masu cizon haƙora cikin barci sun fi kowa fuskantar wannan haɗari.

4.4 Kurakuran Aiki

Da yawa daga cikin liƙin da ke saki tun da wuri, asalin matsalarsu tana ga ranar da aka yi aikin. Likita yakan gwada tangaran a baki kafin ya liƙa, miyau kuma ya taɓa cikinsa. Miyau yana ɗauke da furotin da sinadarai masu fosfet, waɗanda ke mamaye guraben da MDP zai kama a jikin zirkoniya. Ɗauraya da ruwa ba ta isa, wanke zirkoniya da asid ɗin fosforik kuma yana ƙara dagula lamarin, tunda shi ma fosfet ne. Abin da ke aiki shi ne sake fesawa, ko amfani da ruwan wanki na musamman irin su Ivoclean.

Haske ma abin lura ne. Yawancin danƙon rezin da shuɗin haske yake daskarewa, tangaran kuma yana tare hasken gwargwadon kaurinsa da duhunsa. A ƙarƙashin tangaran mai kauri ko zirkoniya mara ratsuwa ana buƙatar danƙon da ke iya daskarewa da kansa baya ga haske. Danƙon da bai gama daskarewa ba ya fi saurin tsotsar ruwa. Haka nan bincike ya nuna cewa silen da aka gauraya cikin danƙo mai tsami na kwalba ɗaya yana lalacewa tun a cikin kwalbar, don haka shafa silen na daban a kan tangaran mai gilashi ya fi aminci.

5.0 Yadda Ake Auna Ɗorewa

A ɗakin gwaji ana liƙa samfuri, sannan a ja shi ko a ture shi da na'ura har ya rabu, a rubuta ƙarfin da ya raba shi. A shekarar 1994 Hidehiko Sano ya gabatar da hanyar yanka samfuri zuwa ƙananan sanduna masu faɗin kimanin murabba'in milimita ɗaya, abin da ya ba da damar samun gwaje-gwaje da yawa daga haƙori guda. Domin kwaikwayon tsufa, ana ajiye samfuran cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 na watanni, ko a dinga tsoma su cikin ruwa mai digiri 5 da mai digiri 55 bi da bi. Gale da Darvell sun ba da shawara a 1999 cewa zagaye 10,000 na irin wannan tsomi ya yi daidai da kimanin shekara guda a baki, amma sun gabatar da adadin ne a matsayin ƙiyasi. Akwai kuma injin tauna, inda ake ɗaukar bugu miliyan 1.2 a matsayin kimanin shekara biyar.

Duba wurin da samfuri ya rabu yana da muhimmanci kamar adadin da na'ura ta bayar. Idan danƙon ya bar fuskar tangaran fes, mahaɗar ce ta gaza. Idan kuwa tangaran ne ya tsage, ko danƙon ya rabu biyu, mahaɗar ta fi abin da ke kewaye da ita ƙarfi. Duk sakamakon da aka samu bayan awa 24 kawai, ba tare da tsufantarwa ba, bai isa hujja a kan ɗorewa ba.

6.0 Abin da Asibiti ya Nuna

Hukunci na ƙarshe yana ga bakin majinyata. Wani bincike da Ulrike Beier da abokan aikinta suka wallafa a 2012 daga Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ya bi diddigin fallen tangaran sama da 300, ya gano cewa kimanin kashi 93 cikin ɗari suna nan bayan shekara 10, kimanin kashi 83 kuma bayan shekara 20, sannan haɗarin lalacewa ya ninka sau bakwai da ɗoriya ga masu cizon haƙora. Binciken Galip Gürel na Turkiyya a 2013 ya nuna cewa fallen da aka liƙa a kan dentin ya fi wanda aka liƙa a kan ɓawo saurin gazawa da kimanin ninki goma. A ɓangaren zirkoniya, Kern ya ba da rahoto a 2017 cewa kimanin kashi 98 cikin ɗari na gadojin haƙoran gaba masu reshe ɗaya suna aiki bayan shekara 10, kuma kaɗan ɗin da suka saki an sake liƙa su. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga hannun ƙwararru masu cikakken kayan aiki, don haka suna nuna abin da zai yiwu ne idan an kiyaye ƙa'ida.

7.0 Abin Lura a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Akwai wuraren da ruwan shansu ke da yawan fulorayid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, kamar Kaltungo a Jihar Gombe, da Langtang a Jihar Filato, da Tibiri a yankin Maraɗi. Waɗanda suka taso a irin waɗannan wurare sukan samu haƙora masu tabo, kuma falle na cikin hanyoyin rufe tabon. Saman ɓawon irin wannan haƙori ya fi jure wa asid, ƙarƙashinsa kuma yana da ramuka, don haka akan kankare saman kaɗan ko a tsawaita lokacin asid.

Zafi wata matsala ce. Sinadaran danƙo masu tsami suna lalacewa a cikin kwalba idan suka daɗe cikin zafi, kuma da yawansu masu yin su sun umarci a ajiye su a firji. Inda bazara ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa, kwalba tana iya rasa ƙarfinta kafin wa'adinta ya cika. Fitilar daskarar da danƙo ma tana buƙatar a riƙa auna ƙarfin haskenta. Shi kuwa majinyaci, tauna ƙashi da ƙanƙara da busasshiyar aya, da ɓare rake ko buɗe kwalba da haƙori, duk suna gajarta ran tangaran, yawan cin goro kuma yakan rina gefen liƙin.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗorewar liƙin tangaran ta dogara ga abubuwa huɗu da ke hannun likita: barin ɓawon haƙori gwargwadon iko, sanin nau'in tangaran da bin hanyar da ta dace da shi, kare wurin aiki daga miyau da jini, da tabbatar da cewa danƙon lafiyayye ne kuma ya daskare sosai. Tangaran mai gilashi yana buƙatar asid ɗin haidurofulorik da silen, zirkoniya kuwa fesawa da MDP. Mahaɗar dentin ita ce mafi rauni, saboda ruwa da inzayim suna aiki a kanta tun daga ranar farko. Ya dace majinyaci ya tambayi likitansa irin tangaran da za a sanya masa da yawan abin da za a kankare daga haƙorinsa, ya kuma riƙa komawa ana duba gefen liƙin, domin buɗewar da aka gano da wuri ana iya gyara ta kafin ruɓa ta kai ga jijiya.